Tsohon Baƙin Keke ko Ɗan Gwanjo Mai Giya: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kekunan da suka shekara goma suna rataye a zaure da bayan rumbu suka fara saukowa ƙasa. Ni ma ina cikin waɗanda suka sauke. Raleigh ɗin mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi ta zuwa gona da kasuwa a kansa har ƙarfi ya ƙare. Na gyara shi na hau wata takwas, sannan na sayi ɗan gwanjo mai giya. Yanzu duka biyun suna jingine a ƙofar ɗakina, kuma da wuya mako ya wuce wani abokin aiki ko maƙwabci bai tare ni da tambaya ɗaya ba: "Malam, in gyara na gida, ko in je in ɗauko na gwanjo?"

Amsar da nake fara bayarwa ita ma tambaya ce: me za ka ɗora a baya, kuma wane mai gyara ne ya fi kusa da gidanka? Yawancin masu tambayar ba ta nan suke farawa ba. Suna farawa da kyan gani, da abin da yara za su ce idan suka ga babansu a kan keken 'yan ƙauye.

Baƙin keke dai kowa ya san shi, ko da fentinsa kore ne. Raleigh daga Nottingham ta Ingila ya fito, har kamfanin ya taɓa kafa masana'anta a Kano, shi ya sa dattawanmu ke kiran kowane keke mai nagarta Rali. Daga baya Phoenix ya shigo daga Shanghai, Hero da Avon kuma daga Ludhiana ta Indiya. Sunaye daban, ƙira ɗaya: jiki na baƙin ƙarfe, taya mai inci 28, birkin ƙarfe maimakon na waya, giya ɗaya tak, sirdi mai sifirin, da kariya mai faɗi a baya. Nauyinsa yana kai kilo 20, wani ma ya ɗara. An yi shi ne don ɗaukar kaya a hanyar da ba kwalta, shi ya sa har gobe mai rake, mai itace da mai kai madara gari ba su da abin hawan da ya fi shi.

Ranar da na tura namu wurin mai gyara, wani dattijo da ke zama a gindin darbejiya da akwatin sifanu da kwanon ruwan gwada faci, na ɗauka zai fara da taya, tunda su ne suka ruɓe. Ko kallonsu bai yi ba. Ya kifar da keken a kan sirdi, ya ɗauko zaren buhu, ya ɗaura a inda tayar baya ke zama ta dama, ya zagayo da shi ta wuyan keken, ya dawo ya ɗaure ta hagu. Sai ya sa yatsa yana auna ratar da ke tsakanin zaren da ƙarfen da sirdi ke shiga, dama da hagu. Da ya ga sun yi daidai sai ya ɗago.

"Ɗana, wannan bai taɓa cin karo ba. Sauran duk kuɗi ne ke sayensu."

"Baba, tsatsar fa?"

Ya kankare wani wuri da bakin sukundireba, farin ƙarfe ya bayyana. "Ta sama ce. Da ta ciki ce da ka ji yana zubar da gari in an girgiza shi."

Wannan gwajin shi ne ke raba keken da ya cancanci gyara da wanda ya kamata a kai wa 'yan gwangwan. Idan jikin ya karkace, ko ka shafa ƙarƙashin ƙarfen da ke kusa da wuya ka ji ya yi ƙunci kamar an matse gwangwani, ko ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe tayar gaba ya lanƙwashe baya, keken ya taɓa dukan wani abu da ƙarfi. Za a iya miƙar da shi, amma zai riƙa jan gefe ɗaya, kuma ranar da ka ɗora buhu za ka gane. Haka idan tsatsa ta huda ƙarfen ta ƙasa, wajen da feda ke juyawa, inda ruwa ke kwanciya. Irin wannan kada ka zuba masa ko kwabo don kawai na gado ne. Rataye shi ka riƙa tunawa da mai shi.

In jiki lafiya lau ne, abin da gyaran zai ci sananne ne: taya biyu da tub, kaca, firiwil, robar birki, boris da giris a gaba da baya da wuya da feda, wataƙila wasu wayoyin taya, da kotafin ɗin da ke riƙe hannun feda. Duk waɗannan ana samunsu a kusan kowace kasuwar mako, ba sai an shiga Sabon Gari ba. Nan ne babban ƙarfin baƙin keke. Idan ya tsaya maka a tsakanin ƙauyuka biyu, yaron mai faci ma zai tashe shi da sifana da guduma. Idan kariya ta karye, kowane mai walda zai haɗa ta.

Abu ɗaya nake jan kunnen mai tsohon Raleigh na Ingila a kai. Tiredin (wato layukan da ake murɗa ƙarfe a kansu, irin na jikin noti) da kamfanin ya yi amfani da shi a wuya da mazaunin feda nasa ne na kansa, layi 26 a kowane inci, alhali yawancin kekuna 24 ne. Sabon kofin boris na kasuwa zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, mai gyara mai gaggawa kuma ya sa ƙarfi ya murɗe, tiredin ya tafi ke nan. Ka tsaya a kansa a wanke tsofaffin da kananzir a mayar, boris kawai za a sabunta. Ƙarfen da aka yi su da shi ma ya fi na yanzu.

Sai aibinsa, wanda masu ƙaunarsa ba sa son a faɗa. Birkin ƙarfen nan ba ya kama da kyau idan rim ya jiƙe. Da damina, ka fito daga kududdufi ka matse, keken zai ci gaba da tafiya taku da yawa kafin ya fara jin magana, kuma in akwai kaya a baya abin ya fi muni. Cire tayar baya aiki ne na zama, sai an kwance birki da murfin kaca da ƙafar kariya. Giya ɗayar kuma nauyi gare ta. A cikin Kano, inda ban da Dala da Goron Dutse ƙasa shimfiɗe take, ba matsala sai a hawan gadar sama ko ranar da iskar hunturu ta tare ka ta gaba. Amma wanda ke Jos ko wani gari mai tudu da gangare zai yi ta sauka yana turawa. Akwai ɗan magani mai araha: yawancinsu suna zuwa da firiwil mai haƙori 18 ko 20, in aka sa mai 22 aka ƙara wa kaca tsawo, feda za ta yi laushi sosai. Gudu zai ragu kaɗan, gwiwa kuma ta huta. Ni na yi, ban yi nadama ba.

Ɗan gwanjo kuwa, wanda wasu ke kira ɗan Beljiyam ko ɗan Kwatano, ba iri ɗaya ba ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. A tari guda za ka ga keken hawan dutse mai faffaɗar taya, da keken gari na Turai mai fitila da kwando, da na Japan mai ƙaramin jiki da mata ke zuwa cefane da shi a can, da na tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Na tseren nan ka bar wa masu motsa jiki ranar Asabar. Ramukan hanyoyinmu da tsidau ba za su bar shi ya yi mako ba faci ba, kuma babu inda za ka ɗaura ko da ledar burodi.

Wanda nake nufi idan na ce gwanjo mai amfani shi ne keken hawan dutse irin na shekarun 1990: jikin ƙarfe, taya mai inci 26, birkin waya mai kama rim, giya 18 ko 21, ba sifirin a gaba ba a baya. Irinsa na saya. Ya fi baƙin keke sauƙi da kilo biyar ko fiye, kana jin bambancin tun daga ɗaga shi ka haye dakalin ƙofar gida. Tafiyar da nake yi a minti 50 daga gida zuwa wurin aiki ta dawo ƙasa da 40, kuma ina isa ba tare da rigata ta manne a baya ba. Rim ɗinsa na alminiyam ne, birki yana kamawa ko da ruwa. Faffaɗar tayar tana ratsa yashi inda baƙin keke ke nutsewa ya jefar da kai.

Kuɗin wannan daɗi shi ne kulawa. Giya tana da abin sauyawa a baya da ke rataye kusa da ƙasa, faɗuwa ɗaya ta ɓangaren dama ta isa ta lanƙwasa shi, daga nan kaca ta fara tsalle ko ta faɗa cikin wayoyin taya. Kacar tasa siririya ce, ba ta shiga da ta baƙin keke, kuma ƙurar hunturu in ta haɗu da baƙin man da muke zuba mata sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye haƙora cikin watanni. Goge ta da tsumma duk mako da ɗigon mai kaɗan ya fi a yi mata wanka da man inji. Sannan ba kowane mai gyara ya iya saita giya ba. Na sha ganin keke mai giya 21 da aka yanke wa waya aka ɗaure kacar a haƙori ɗaya, saboda mai shi ya gaji da yawo. Wanda ya yi haka ya biya kuɗin giya ya koma hawan giya ɗaya, a kan keken da ba shi da kariyar kirki. Idan a unguwarku ko garinku babu wanda ya san aikin Shimano, kamfanin da ke ƙera yawancin giyoyin nan, kai ma ba ka da niyyar koyo, wannan kaɗai ya isa ya yanke maka hukunci.

Akwai wani tarko da ya kama wani abokina, ina tsaye. Ya sayi keken gari na Turai, kyakkyawa, a jikin tayar an rubuta 28. Da ta ƙare sai ya sayo tayar baƙin keke, ita ma 28. Mai faci ya ɗora ta, ta zauna sakwa-sakwa kamar hular babba a kan yaro. Dalili shi ne sunan ɗaya ne, awon daban: rim ɗin baƙin keke milimita 635 ne, na Turan kuma 622. Lambar gaskiya tana jikin tayar, ƙanana, kamar 40-635 ko 37-622, ita za ka duba. Na inci 26 na hawan dutse 559 ne, kuma shi ya fi sauƙin samu cikin na gwanjo. Na Japan ma sau da yawa 26 aka rubuta amma wani awon ne. Kafin ka biya kuɗin kowane keken gwanjo, karanta lambar nan, ka taka zuwa shagon masu taya ka tambaya ko suna da ita. Ka duba bawul ma. Mai kauri irin na mota kowane mai faci zai ba shi iska, siririn nan mai ɗan kusa a kai kuwa sai da famfonsa ko ɗan abin ɗaurawa.

Jikin alminiyam, wanda ya yi yawa a gwanjon yanzu, ba ya tsatsa kuma ba nauyi. Amma in ya tsage, mai waldar bakin titi ba zai iya masa komai ba. Ka sa maganaɗisu a jiki: ya manne, ƙarfe ne. Bai manne ba, ka bi duk mahaɗa da ido a cikin rana kana neman siririn layi kamar gashi. Ka kuma kwance sirdi ka ga yana hawa da sauka, don wanda ya shekara a cikin ruwan Turai yakan manne har abada, kuma keken da ba za a daidaita wa sirdi ba ciwon gwiwa ne. Tsawon da ya dace shi ne ka zauna, diddigenka a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe.

Na san akwai zaɓi na uku da ke ɗaukar ido: sabon keke dal a leda, mai sifirin gaba da tsakiya, da faifan birki mai ƙyalli, farashinsa kuma kusan ɗaya da na gwanjo. Ra'ayina a kansa gajere ne. Keke mai sifirin na gaske ya fi babur ɗin hannu tsada, don haka wanda aka sayar maka da araha kwaikwayo ne. Nauyi gare shi, sifirin yana shanye ƙarfin tuƙinka, kuma cikin shekara komai ya fara kaɗawa. Ya yi wa yaro na zagaya unguwa. Sabon Phoenix ko Hero kuwa ba laifi ga wanda ba shi da tsohon da zai gyara, sai dai a sa mai gyara ya kwance shi ya cika giris ya ɗaure wayoyi tun ranar farko, don yadda ake haɗa su a kasuwa sai a hankali.

Maganar doka kuma ta fi shafar mai sayen gwanjo, ta wata fuskar da ba a cika tunawa ba. Dattawa suna ba da labarin lasin keke na zamanin En'e, wanda ake biya a maƙala shaida a jiki. Yau ba wanda zai tambaye ka lasin tuƙi ko lamba a kan keke, amma za a iya tambayarka inda ka samo shi. Wani dare 'yan sintirin unguwa suka tsayar da ni a kan ɗan gwanjon, lokacin an yi ta satar kekuna a ƙofar masallatai.

"Ranka ya daɗe, keken naka ne?"

Na ce nawa ne. Suka ce shaida. Allah ya taimake ni hoton rasit yana cikin wayata, da lambar jikin keken a rubuce. Muka kifa shi, aka haska tocila a ƙarƙashin mazaunin feda, lamba ta yi daidai, suka ba ni haƙuri na wuce. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma "ban sani ba" tana da wuyar karɓuwa in ka sayi keken dubbai a kuɗin goro daga hannun yaron da ba ka san gidansu ba. Saya a shago, a rubuta maka rasit mai suna da kala da lambar jiki. In hannu da hannu ne, a yi takarda da shaidu biyu. Keken da aka goge wa lamba da zarto, ko kyauta aka ba ka, bar shi. Na gado ba shi da wannan damuwa, duk unguwa ta san na wane ne, amma shi ma ka ɗauki hoton lambarsa. A tsohon Raleigh takan kasance a sama, wajen da sirdi ke shiga.

A kan titi, doka ba ta bambanta baƙi da mai giya. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta ce keke ya kasance da birki mai aiki, da ƙararrawa, da jan abin ƙyalli a baya, da fitila fara a gaba da ja a baya, kuma abin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke koyarwa bai saɓa wa wannan ba. A nan tsohon keke yakan zo da rabin kayan a jikinsa, ƙararrawa da madogarar fitila, wani ma da dainamo mai gogar taya. Dainamon nan ado ne kawai a wurina, don da ka tsaya a mahaɗa fitila ta mutu, daidai lokacin da ka fi bukatar a gan ka. Na hawan dutse kuwa tsirara yake zuwa, ba ƙararrawa, ba fitila, ba abin tare taɓo, ba kariya. Sa kuɗin waɗannan cikin lissafi tun farko. Ƙananan fitilu masu caji sun wadatar ga kowannensu, kuma ta bayan ta fi ta gaban muhimmanci, don mai mota daga baya yake zuwa.

Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun Afrilun 1972, kuma mai keke ma abin hawa yake tuƙawa. Bin hannun da ba naka ba don "in riƙa ganin mota tana zuwa", tsallake danja, riƙe bayan tirela ko Adaidaita Sahu don a ja ka, goyon babba a kan sanda da wani a kariya, duk saɓa ƙa'ida ne, kuma in aka yi karo su za a fara ƙirga maka. Mai ɗaukar kaya ya kula da faɗi: kara ko langa-langar da ta fito kamu biyu ta kowane gefe ita ke sa madubin mota ya ɗebe mutum. Hular kwano kuwa ni ina sawa in na hau mai giya, saboda gudun da yake ba ni ya fi ƙarfin kaina.

Wani ƙaramin abu da ya kusa kayar da ni: kekunan Ingila da Japan birkin gaba yana hannun dama, na Amurka da yawancin Turai kuma yana hagu. Na saba da na Baba, ranar farko a kan ɗan gwanjo akuya ta gifta, na damƙe hagu da niyyar birkin baya, sai ga tayar baya ta tashi sama. Wasu na Holan ma babu birkin baya a hannu sam, feda ake mayarwa baya. Matsa kowane hannu ka ga wace taya ya kama kafin ka bar gaban shago, in ya saɓa wa sabonka mai gyara zai sauya wayoyin cikin minti goma.

To, ga yadda nake raba wa masu tambayata. Mai buhu, mai jarka, mai zuwa gona, mai zama inda kasuwa sai mako-mako, ya gyara baƙin keke muddin zaren buhu ya ce jikinsa a miƙe yake, ko da kuɗin gyaran ya kusa kama na gwanjo, don abin da zai samu zai fi sabon na kasuwa ƙarko. Ma'aikaci ko ɗalibi mai doguwar tafiya kullum da 'yar jaka kawai, ko mai zama a gari mai tudu, ya nemi gwanjo mai jikin ƙarfe da taya 559, ba sifirin, ya ware wani abu na fitila da kariya da kwaɗo mai kauri, don ɓarawo ya fi son sa nesa ba kusa ba. Baƙin keken nakan jingine shi a ƙofar masallaci da 'yar sarƙa in shiga hankali kwance. Ɗan gwanjon kuwa, tun ranar da na fito na tarar an zare masa sirdi, har cikin haraba nake shiga da shi, in ɗaure shi a jikin ƙarfen tankin alwala.